Yadda Hassada Ta Sa Na Cika Wa Ɓarayi Harsashi

Ni ɗan maƙera ne. A Rawayau aka haife ni, ta ƙasar Kurfi, a gidan da tun kaka da kakanni ba a san mu da wata sana'a ba sai ƙira. Ba zan faɗi sunana ba, don ina da 'ya'ya mata da suka fara tasawa, kuma abin da na ja musu ya isa haka. Amma ina so samarin da za su karanta wannan su sani, ban tashi ina mugu ba. Na yi karatun allo, na gama firamare, na iya zuga tun hannuna bai gama riƙe zugazugi ba. Duk wanda ya san ni a lokacin zai ce yaro ne mai kunya, wanda ba a jin kansa da kowa.

Mahaifina, Malam Audu, mutum ne mai ƙarancin magana. Sai ya wuni a maƙera bai ce komai ba in ban da "zuga" da "isa". Ban taɓa jin ya yabi aikin wani ba, ni ma ban sa rai ba. Haka muke har ranar da ƙanwarsa, Gwaggo Ladi, ta rasu a Kutawa, aka kawo mana ɗanta Rabe. Na girme shi kaɗan, yana ce mini Yaya. Taubashina ne, ya kamata a ce tsakaninmu wasa da dariya, kuma da farko haka aka yi. Tabarma ɗaya muke kwana, akushi ɗaya muke ci.

Abin ya fara ne ranar da Rabe ya ƙera laujensa na farko. Baba ya karɓa, ya juya shi a hannu, ya gwada kaifin a kan wata ciyawa da ke bakin ƙofa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Wannan hannun na gado ne."

Ina tsaye a wurin da awartaki a hannuna. Ni ne ɗan gidan, ni ne na riga shi shiga maƙera, ni ne nake da tabon wuta a dantse. Har murmushi na yi. Amma daga wannan rana, duk abin da Rabe ya samu sai in ji kamar daga aljihuna aka cire aka ba shi.

Muka girma. Rabe ya roƙi Baba ya bar shi ya je Dutsin-Ma koyon walda, ya je ya dawo da ita a hannu. Ya kafa rumfarsa jikin maƙerarmu, ya sayi ɗan janareto, ya shiga yin garmar shanu da ƙofofin ƙarfe da kura ta ɗiban ruwa. Ni kuwa ina nan kan fartanya da galma da magirbi, aikin da na tarar ana yi. Ya sha ce mini, "Yaya, zo in nuna maka, ba wuya." Sai in ce ba ni da lokaci. Gaskiyar ita ce, na gwammace in mutu ban iya ba da a ce Rabe ne ya koya mini. Na auri Binta daga cikin garin Kurfi, shi ma ya yi aure bayana. Da aka zo ganin ɗakin amaryarsa, abin da na tsaya ƙirgawa a zuciyata shi ne abin da nata ya fi na Binta.

Sai rashin zaman lafiya ya shigo ƙasarmu. Ɓarayin daji suka fara kore shanu, suka koma tare hanya da ɗaukar mutane. Mafarauta da 'yan sa-kai suka haɗu suna gadin gari da bindigoginsu na gargajiya, da sanin hukuma. In kunamar bindiga ta lalace ko ƙotarta ta tsage, wurin Rabe suke kawowa, ya gyara bai karɓi ko kwabo ba. Nan fa sunansa ya ƙara tashi. Dattawa suna tsayawa a rumfarsa su sa masa albarka. Shugaban 'yan sa-kai yana aiko masa da naman daji. Mutum zai shigo maƙera ya same ni ina dukan ƙarfe gumi na zuba, ya yi mini sallama a gajarce ya ce, "Ina Rabe?" Wannan tambaya ta fi ƙunar gawayi zafi a wurina.

A kasuwar Dutsin-Ma na haɗu da mutumin da ya kai ni ya baro. Nakan je sayen tsofaffin sifirin na mota wurin 'yan gwangwan, don da su muke yin fartanya. Akwai wani dogon mutum mai fara'a da ke yawan zama a wurin, kowa Dogo yake ce masa. Ban san garinsu ba, ban kuma tambaya ba. Wata rana ya ja ni gefe ya saya mini shayi, ya ce ya ji ni ɗan Malam Audu ne na Rawayau.

Ya zaro wani ɗan ƙarfe ruwan zinare daga aljihu ya ɗora a tafin hannuna. Kwanson harsashi ne na ƙaramar bindiga, fistol, wanda aka riga aka harba. Ya ce, "Ka san darajar wannan yanzu?"

Na ce, "Ai shara ce. A kilo ake sayen irinsa."

Ya yi dariya ya ce, "Da can ke nan." Ya bayyana mini cewa tun da aka tsaurara bincike a hanyoyi, aka sa ido a kan iyaka, harsashi ya yi wuyar samu. Masu fistol suna nan da yawa, amma bindiga ba harsashi guntun ƙarfe ce. Wanda a da ake saye ba a ko taya ba, yanzu ana nemansa ido rufe. Ya ce akwai masu sake cika kwanson da aka harba, kuma guda ɗaya cikakke ya fi fartanyar da nake wuni ina dukanta daraja. Shi gyaɗa yake ce wa harsashi, ko da mu biyu ne.

Na ce ni ba ruwana da wannan. Ya ce ai fatake ne ke saye, da masu shanu, don kare kansu. Sannan ya kurɓi shayinsa ya ce, "Na fara zuwa wurin ƙanenka, don an ce shi ne gwani a gidanku. Ya kore ni. Na ɗauka ko ba zai iya ba ne yake fakewa da tsoron Allah. Aikin na masu natsuwar hannu ne. To, ban sani ba ko a gidan akwai wanda ya fi shi."

Ya ku samari, ku lura da wannan wuri. Kuɗin da ya ambata bai motsa ni kamar wannan maganar ba. Ya gano inda ciwona yake, ya danna.

Da ƙarami na fara. Ya ce in dai riƙa tsince masa kwanso cikin tarkacen 'yan gwangwan, in ware masu kyau. Na ce a raina wannan ai ba laifi ba ne, tsintar ƙarfe ce. Daga nan ya ce in riƙa gyara waɗanda suka lotse. Na ce wannan ma ƙira ce, aikin gidanmu. Ban ankara ba sai ga shi ya kawo wani mutum mai ƙonannen gefen fuska ya nuna mini sauran aikin. Ba zan faɗi yadda ake yi ba, ko da wasa. Abin da zan faɗa shi ne, shi mai koya mini ɗin aikin ne ya cinye masa rabin fuska, kuma na gani da idona, amma ban ja da baya ba.

Muna da wata gona can nesa da gari da bukka a cikinta. Na ce wa Baba zan riƙa zuwa ƙona gawayi. Da hantsi nake tafiya, in dawo bayan la'asar baƙi ƙirin da toka, don in an gan ni a yarda. Dogo yana kawo kayan haɗi, yana kwashe abin da na gama. A cikin buhun gero ake binne shi, a ɗora a mota kamar kowane hatsi. Na farkon da na yi da yawa sun ƙi tashi, ya dawo yana mita. Na zauna na dage, don na ƙudurta sai na zama gwanin wani abu da Rabe bai iya ba. Kafin damina ta fita Dogo ya ce ba shi da kamar ni a duk yankin. Wallahi da ya faɗi haka na ji sanyi a raina, irin sanyin da na daɗe ina jira daga bakin Baba.

Abin da na fara saye babur ne, sabo fil, wanda ya fi na Rabe. Na zo da shi na kafe a daidai ƙofar rumfarsa, ba don komai ba sai don in ga fuskarsa ta canza. Ya ajiye walda ya fito da gudu, ya kama kan babur ɗin yana shafawa. Ya ce, "Kai, Yaya! Allah ya sa albarka, Allah ya tsare. Ni ne zan fara hawa, haƙƙin taubashi ne." Ya hau ya zaga gari yana danna hon. Na zuba masa ido ina neman ko ɗigon baƙin ciki, ban samu ba. Na shiga gida raina a ɓace, kamar ni aka yi wa abin.

Baba ya tambaye ni, "Ina ka samu kuɗin wannan?" Na ce wasu masu aikin gona ne daga Katsina suka ba ni kwangilar fartanya, ga kuma gawayi. Ya kalle ni ya koma bakin aikinsa. Binta kuwa ta tsinci kwanso a aljihun rigata tana wanki. Ta nuna mini, na ce cikin tarkacen kasuwa ya biyo ni. Na daka mata tsawa, ba ta sake magana ba.

Akwai wani mai hatsi a Kuki, Alhaji Bishir, abokin cinikin Baba tun ina yaro. Duk shekara wurinmu yake sayen galma ta 'yan ƙwadagonsa, kuma bai taɓa zuwa hannu rabbana ba, ko ƙosai ne sai ya riƙo mana. Wata rana yana dawowa daga kasuwa da rana tsaka aka tare su a hanya. Ya ƙi sauka daga mota, aka harbe shi. Mun je jana'iza da Baba da Rabe. Ni ma na sa hannu na ɗauki makara.

Da Dogo ya zo bukka bayan haka, yana ta fara'a kamar kullum. Ya ce, "Gyaɗarka ta daina ƙin tashi. Yaran da suka tare mai hatsin nan na Kuki sun yaba ƙwarai. Sun ce a ƙaro."

Na ce, "Ba ka ce fatake ke saye ba?"

Ya ce, "Su ma ai fataucinsu suke."

Ya tafi ya bar ni a bukka. Na rantse na daina. Na koma maƙera, na riƙe salla a jam'i, Dogo ya aiko na ce ba ni da lafiya. Da a nan na tsaya, da ko ba komai zunubin ya tsaya a kan rai ɗaya da na sani.

Amma ana nan sai mutanen gari suka yi taro don gode wa masu gadi. Aka kira Rabe gaban jama'a, mai gari ya riƙe hannunsa ya ɗaga. Da muka koma gida, Baba ya shiga ɗakinsa ya fito da masabar kakanmu, gudumar ƙirar da ba ya bari kowa ya taɓa. Ya miƙa wa Rabe a gabana. Rabe ya ce, "Baba, ai Yaya ya kamata." Baba ya ce, "Na san abin da nike yi." Da ya karɓa kawai bai ambace ni ba, da ya fi mini sauƙi. Washegari na koma bukka, na aika wa Dogo cewa na warke. Wannan karon na san ko su wa ke saye, na san abin da ake yi da shi, kuma na ci gaba.

Ƙarshen abin ya zo ta hannun wani direba. An tsayar da shi a shingen bincike, aka soki buhun gero aka ji ƙarfe. Shi bai san sunan kowa ba, abin da ya sani kawai shi ne kayan daga gidan maƙeran Rawayau suke fitowa. Dogo ya kira ni a waya ya ce in san inda zan sa kaina, ya kashe wayarsa ya ɓace.

Ina da lokacin gudu. Ina da lokacin zuwa in faɗi gaban Baba in gaya masa gaskiya. Ga abin da na yi. Na je bukka na kwaso ragowar kwanso a cikin wani tsohon buhu, na dawo lokacin da kowa ya tafi sallar Juma'a, na cusa shi ƙarƙashin tarin guntayen ƙarfe da ke bayan rumfar Rabe. Na gaya wa kaina tsoro ne ya sa ni. Na daɗe ina gaya wa kaina haka. Amma da tsoro ne kaɗai, da rijiya na jefa buhun.

Da jami'an tsaro suka zo, mu uku suka tarar. Babbansu ya tambaya wa ke aikin bindiga a nan. Rabe ya miƙe ya ce shi ne ke gyara wa mafarauta, kuma kowa ya sani. Suka ja ni gefe suka tambaye ni. Na sunkuyar da kai kamar mai jin nauyi, na ce, "Ƙanena ne, ban so in yi magana ba. Amma na sha ganin baƙi suna zuwa wurinsa, na sha yi masa faɗa." Suka bincika suka samu buhun. Rabe ya kalli buhun, ya kalli Baba, ya ce, "Wallahi Baba ban san shi ba." Da za su sa shi a mota ya waiwayo ya ce mini, "Yaya, ga Baba nan, ga iyalina nan." Matarsa tana da tsohon ciki a lokacin.

Na ɗauka in Rabe ya bar gari zan samu sarari, a fara ganina. Abin da ya faru ya fi ƙarfin tunanina. Gari ya tashi tsaye a kansa. 'Yan sa-kai suka yi ta zarya suna shaidarsa, shugabansu ya ce Rabe ya taɓa kawo masa ƙarar wani dogon baƙo da ya zo masa da wata magana. A masallaci ana yi masa addu'a bayan kowace salla. Mata suna kai wa matarsa itace da tsaba. Mutane suna shigowa maƙera kamar da, sai dai tambayar ta koma, "Ina labarin Rabe?" Yana tsare a Katsina ana jiran shari'a, ni ina waje da babur da kuɗi, amma ni ne nake jin ƙyashinsa. Ku ji irin wannan cuta.

Baba ya sayar da shanunsa na noma ya ɗauki lauya. Ni nake goya shi a babur zuwa tasha in zai je ganin Rabe. Wata rana muna tafe ya yi magana a bayana, kamar da kansa yake. Ya ce, "Da ni suka ɗauka suka bar yaron nan." Na ji hawayensa a wuyan rigata. Abin da ya zo mini a rai shi ne, da ni ne a ciki, zai faɗi haka?

Matar Rabe ta haihu, namiji. Baba ba ya gari, sai aka aiko in zo in yi wa jariri huɗuba. Ina sa hula Binta ta tare ƙofar ɗaki. Ta ce, "Malam, da wane bakin za ka yi masa?"

Na ce, "Me kike nufi?"

Ta ce, "Irin abin da na tsinta a aljihunka aka samu a bayan rumfar Rabe. Na yi shiru don kai ne uban 'ya'yana, kuma shirun nan yana ci na. Kada ka sa bakinka a kunnen yaron nan."

Na ture ta na wuce. Na ɗauki jaririn, na yi masa kiran salla a kunne, muryata ko rawa ba ta yi ba. Kafin suna Binta ta kwashi yara ta tafi gidansu a Kurfi. Da aka tambaye ta dalili ta ce a tambaye ni.

Rabe ya kusa shekara a tsare kafin a kama Dogo a wata jiha. Bai ɓata lokaci ba, ya faɗi sunana, ya kai jami'an tsaro har bukka, inda kayan aikina suke binne. A kasuwar Kurfi aka kama ni, na baza fartanya ina ciniki, a gaban mutanen da suka san ubana.

Baba ya zo ganina sau ɗaya. Ya rame har ban so in kalle shi ba. Bai zauna ba. Ya ce, "Mi Rabe ya yi maka?"

Na ce, "Bai yi mini komai ba, Baba."

Ya ce, "To ni mi na yi maka?"

Na buɗe baki, duk abin da na tara a ciki tun ina yaro ya taso, amma da na zo faɗa sai na ji ba shi da nauyin da zan ɗora a gaban mutum. Na ce, "Ka fi son sa."

Ya ce, "Shi maraya ne, ba ya da kowa sai ni. Kai na ɗauka ka san kai ɗana ne, ba sai na faɗa ba." Ya juya ya fita. Ganina da shi na ƙarshe ke nan. Ya rasu ina gidan yari, ban samu ko sallar gawarsa ba.

A kotu na faɗi gaskiya duka, har da buhun. Kada ku ɗauka jarumta ce, hanyar ƙarya ce ta riga ta toshe. Aka sallami Rabe, ni aka yanke mini shekaru masu yawa.

Ba zan tsaya ba ku labarin wahalar gidan yari ba, yunwa da cunkoso da ƙaiƙayi duk gaskiya ne. Abu biyu ne suka fi tsaya mini. Akwai wani saurayi a ɗakinmu da aka kama kan tare hanya, hannunsa na dama babu yatsu sai guntaye. Ya ce fistol ce ta fashe masa, harsashin cikon gida ne. Yana tsine wa wanda ya cika shi safe da yamma, ina gefensa ina ci da shi a kwano ɗaya. Ban san ko nawa ba ne, ban kuma san ko ba nawa ba ne. Na biyu, wani malami da ke zuwa yi mana karatu ya yi bayani wata rana a kan addu'ar neman tsari daga sharrin mai hassada. Tun ina ƙarami nake karanta ta, kullum ina hango wani can daban da ke bina da mugun ido. A ranar na gane mutanen gidanmu ne ya kamata su riƙa karanta ta saboda ni. Na yi kuka irin wanda ban yi ba ko da aka gaya mini rasuwar Baba. Daga nan na fara tuba na gaskiya.

Da aka sake ni, Dutsin-Ma na fara zuwa, don na ji Rabe ya koma can da aikinsa. Na same shi yana haɗa wata ƙofa. Ya fito da tari daga tsarewar nan, har yau bai rabu da shi ba. Ya ɗaga gilashin walda ya gan ni, ya ce, "Yaya." Na durƙusa a gaban ƙanena cikin ƙasa da guntayen ƙarfe, na roƙe shi gafara.

Ya ce, "Tashi, mutane na kallo." Ya sa aka kawo mini ruwa. Ya yi tari ya huta, sannan ya ce, "Nawa na yafe tun ina ciki, don na ga in ban yafe ba ba zan iya barci ba. Amma ba zan ɓoye maka ba, ba zan iya aiki da kai a wuri ɗaya ba. Kuma haƙƙin Baba ba a hannuna yake ba. Na iyalin Alhaji Bishir ma haka."

Ban koma Rawayau da zama ba, ban kuma sake taɓa ƙarfe ba. A Kuki nake yanzu, ina ƙwadago a gonakin mutane da damina, da rani in yi dakon hatsi ranar kasuwa. Binta ta yi wani auren, kuma ban ga laifinta ba. 'Ya'yana suna zuwa gaishe ni da salla. Da gangan na zaɓi Kuki. Na je wurin babban ɗan Alhaji Bishir, wanda ya gaji rumfar hatsin, na gaya masa ko ni wane ne da abin da hannuna ya yi. Ya saurare ni har na gama. Ya ce, "Ka gama?" Na ce na gama. Ya tashi ya shige ciki.

Ya ku 'yan'uwana samari, ga abin da nake da shi. In wani ya zo muku da aikin da kuɗinsa ya fi wahalarsa nesa ba kusa ba, ku tambayi inda abin zai ƙare. Harsashi ba shi da wani amfani sai shiga jikin mutum, kuma mutumin yana da 'ya'ya, wataƙila ma ya taɓa riƙo muku ƙosai. Tsada da ƙarancinsa ba dama ba ce gare ku. Kada ku tsinta, kada ku ɗauka, kada ku kai saƙo, kada ku ce ai ni ƙarfe kawai na taɓa. Haka na ce.

Amma tun kafin Dogo ya same ni na riga na lalace. Don haka in ka ga ɗan'uwanka ya samu alheri, ka ji ƙirjinka ya ƙuntata, bakinka ya yi nauyin cewa Allah ya ƙara, kada ka raina wannan, kada kuma ka ɓoye shi ka yi ta kiwonsa kamar yadda na yi. Ka je ka gaya wa mahaifinka ko malaminka, ko da kunya za ta kashe ka. Ka tilasta wa harshenka yi masa addu'a har zuciyar ta bi. Ni har yau in na ji an ce Rabe ya samu wani babban aiki, abin yakan motsa. Bambancin kawai yanzu na san sunansa, nakan tashi in yi alwala.

Kowace ranar kasuwa sai na bi ta gaban rumfar ɗan Alhaji Bishir da buhu a kaina. Ina yi masa sallama. Har yau bai amsa ba, kuma yana da gaskiya. Ina roƙon Allah ya ba ni tsawon ran da zan ci gaba da yi, ku kuma ya tsare ku daga ranar da za ku tsaya a inda nake tsaye.